Sauya injin Actros daga Maraɗi: inda na duba, abin da na biya, da inda na saya

Motar kan tirela ce, Mercedes Actros 2641, samfurin da kanikawa ke kira MP2. Injinta OM 501 LA ne, silinda shida a jere biyu kamar harafin V, kusan lita 12, ƙarfin doki 408. Ta tsaya tsakanin Ƙonni da Madawa da kaya a bayanta. Direba ya ce ya ji ƙwanƙwasa daga ƙasa, sai alamar mai ta kama, ya kashe ta nan take. Sauke kaya zuwa wani kan tirela da jawo ta garaji a Maraɗi ya ci jaka 180 na sefa. Daga ranar zuwa ranar da ta sake ɗaukar kaya kwana 41 ne, kuma kusan rabinsu rashin sanin ta inda za a fara ne ya cinye su. Shi ya sa nake rubuta yadda abin ya bi daki-daki.

Tun daren farko waya ta fara shigowa, kowa da injin da ya sani. Babban bakaniken garajin, dattijo ne da ya jima a kan Mercedes, ya ce mini: "Alhaji, kada ka yi ciniki da kowa sai mun ga abin da ya kashe wannan. In ba mu gani ba, shi zai kashe na gaba." Kwana uku aka yi ana kwance inji. Da aka sauke kartar ƙasa, wato kaskon da man inji ke taruwa a ciki, an tarar da ɓarɓashin ƙarfe kamar tsaki a cikin baƙin mai. Kusine ɗaya, wato ɓawon ƙarfen da bilbirke (babbar sandar da fistan ke juyawa) ke juyawa a kansa, ya narke ya juya a mazauninsa, ya ci wuyan bilbirke, sandar fistan ɗaya ta lanƙwashe. Amma asalin cutar a sama take. Robar da ke tsakanin matacin iska da turbo ta tsage ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa, injin ya yi ta shaƙar ƙurar hunturu ba tacewa. Ƙura ta cinye sigma (zoben fistan) da shemis (hannun rigar da fistan ke gudu a ciki), inji ya fara shan mai, ana ƙarawa ana tafiya, har ranar da mai ya yi ƙasa a kan hanya. Shaidar tana nan a fili: fukafukan turbo sun lashe a baki, cikin bututun iska kuma akwai garin ƙasa ja. Robar da ba ta kai jaka 30 ba ita ta jawo duk wannan.

Rana ta huɗu muka kai bilbirke da bulok wurin mai injin wanki don awo, jaka 25. Ana wanke wuyan bilbirke mataki-mataki, 0.25, 0.50, 0.75 har milimita 1, a sa kusine daidai da wankin. Namu wuyan ya yi shuɗi saboda zafi, kuma da aka gwada shi an ga tsaga siririya a gefe. Bilbirke mai tsaga ba ya wankuwa. Mazaunin kusine na tsakiya a jikin bulok shi ma ya buɗe. Da bulok lafiya yake, da gyara zan yi ba saye ba, domin OM 501 inji ne da aka ƙera don a sabunta shi: shemis ɗinsa cirewa ake yi, kowace silinda kuma da kilas ɗinta, wato murfinta na sama, daban. Amma da aka haɗa kuɗin bilbirke, bulok, shemis da fistan da sigma saiti shida, kusine, juwan (gasket), famfon man inji da turbo, lissafi ya haura miliyan uku kafin kuɗin aiki. A nan muka yanke shawarar neman wani injin.

Kafin in fita nema, bakaniken ya sa na ɗauki hoton abubuwa uku: lambar shasi, wadda ke farawa da WDB, lambar inji da ke jikin bulok, da takardar da ke manne a ƙwaƙwalwar inji, wadda ake kira MR ko PLD. Lambar OM 501 tana farawa da 541, ta OM 502 mai silinda takwas kuma da 542. Alƙaluman da ke biye su ne ke nuna nau'in injin da matakin hayaƙinsa. Ya kuma sa na ɗauki hoton kartar ƙasa, da gidan da giya ke ɗaurewa, da kwamfaresa, da fanka, domin injin da ya fito daga motar tifa ko mai jan gaba da baya kartarsa na iya bambanta da ta kan tirela. Duk wanda zai je sayen inji ba tare da waɗannan hotuna a wayarsa ba, ya koma ya ɗauko su tukuna.

Na fara da gida. A Maraɗi na samu injuna biyu a wurin masu sayar da kayan mota na hannu. Na farko 542 ne, mai shi ya ce ai ya fi ƙarfi, riba ce. Ya fi ƙarfi gaskiya, amma ya fi tsawo da nauyi, ya fi shan gazuwal, kuma mazauni da wayoyi da radiyater duk sai an taɓa su. Na biyu 541 ne mai tsafta, an riga an biya masa duwan (kuɗin kwastan), kuɗinsa miliyan huɗu da jaka 200. Raina ya kwanta da shi har na so in ba da kafin alƙalami. Da bakanike ya zo ya duba, sai ya nuna mini wurin fesa ruwan AdBlue, ruwan tsaftace hayaƙi, a bututun hayaƙi: a matakin hayaƙi na Turai injin Euro 5 ne, motata kuwa Euro 3 ce, ba ta da tankin wannan ruwa, ba ta da tukunyar da ke tace hayaƙin. Ƙwaƙwalwarsa za ta yi ta neman na'urorin da babu su, in ba ta same su ba ta rage ƙarfin mota. Akwai masu rufe wannan da kwamfuta, wasu motocin suna tafiya a haka, amma famfunan mai, wato masu tura gazuwal, da saitin injin an yi su ne don wancan tsari, kuma duk ranar da ta rikice a daji ba kowane bakanike zai gane kanta ba. Abin da ya ƙarasa raba mu shi ne mai injin ya ƙi a sauke kartar ƙasa. Ya ce in an buɗe ya zama buɗaɗɗe, darajarsa ta faɗi. Na fahimci uzurinsa, amma ban iya ba da miliyan huɗu a kan abin da ban ga cikinsa ba.

Daga nan aka haɗa ni da wani mai harhaɗa injuna, wanda ke sayen matattu biyu ko uku ya fitar da mai rai ɗaya. Ya ce zai haɗa mini a kan miliyan uku da jaka 300, cikin mako biyu, har da fenti. Wannan hanya ba abin raini ba ce, na san motocin da ke yawo shekaru da haɗaɗɗen inji. Sai dai ingancinsa yana ga awo, ba ga fenti ba. Tambayoyi huɗu muka yi masa. Shemis da fistan na wane kamfani ne, za mu ga kwalinsu a rufe kafin a sa? An wanke bilbirke, kuma zuwa wane mataki? Da me yake auna tsayin bakin shemis a saman bulok? Kusoshin kilas da na sandar fistan za a auna su ko a sabunta? Tambaya ta uku ita ce mai nauyi. Bakin shemis yana ɗan ɗagowa sama da fuskar bulok da abin da bai kai rabin milimita ba, kuma da wannan ɗagowar juwan ke kamewa. In ta yi ƙasa, bayan wata biyu ko uku iska ta fara shiga ruwa, mota ta riƙa zubar da ruwa tana zafi. Mutumin ya ce da hannu yake ji, shekara ashirin yana yi. Kayan kuma ya ce na Jamus ne, amma kwalayen da ya nuna babu lambar da za a bincika. Kolbenschmidt da Mahle suna yin shemis da fistan na wannan inji, kuma saboda sunansu ne ake kwaikwayon kwalinsu. Da ya yarda mu kawo kayanmu da kanmu, bakanikena ya zauna a wurin da agogon awo da kile mai auna ƙarfin ɗauri, da na ba shi aikin. Bai yarda ba.

Wani ɗan uwa da ke harkar motoci ya turo mini hoton inji daga wani filin wargaza motoci a Holan, yuro 3,800. A kan sefa 655.957 kowane yuro, kusan miliyan biyu da rabi ke nan, ga bidiyon injin yana aiki a jikin mota, ga kilomita a allo. A takarda shi ya fi kowanne kyau. Amma tun da aka rufe iyakar Gaya da Malanbil a 2023, kayan da a da ke sauka Kwatano a lokacin yawanci ta Lome suke biyowa, su ratsa Burkina Faso cikin ayari da rakiya, su sauka Yamai, sannan a ƙara fiye da kilomita 600 zuwa Maraɗi. Tiransiter, wato mai fitar da kaya daga duwan, ya ce kada in sa rai kafin wata biyu zuwa uku. Motar da ke tsaye tana cin albashin direba, inshora na tafiya, kwangila na kuɓucewa. In kuma injin ya iso da matsala, babu hanyar mayarwa. Ga mai motoci da yawa da ke son ajiye inji don gaba, wannan hanya tana da ma'ana sosai. Ga mai mota ɗaya da ta riga ta tsaya, ba ta yi ba.

Wani ya kawo shawarar a ɗora mata WD615 na Howo, tunda kayansa sun cika kasuwa. Ban daɗe a kan wannan ba. Shi silinda shida ne a layi ɗaya, dogo, lita 9.7, ita kuma Actros allonta da giyarta da birkinta duk da ƙwaƙwalwar inji suke magana.

Ranar ta goma sha tara muka kama hanyar Kano, ni da bakanike. Kuɗin motarsa da abincinsa da ladan kwanakinsa duk a kaina, jaka 120, kuma shi ne kuɗin da ya fi kowanne amfani a wannan tafiya. Mun bi ta Ɗan Isa, Jibiya, Katsina, da rana tsaka, da katin ɗan ƙasa da katin rigakafi. Ban ɗauki tsabar kuɗi ba. Na ajiye sefa a wurin ɗan canjin da na sani a Maraɗi, muka yi magana cewa sai na kira shi da bakina zai tura naira zuwa asusun mai kaya, a kan farashin ranar. A tambayi farashin canji da safe a sake tambaya kafin a tura, domin a kan kuɗi irin wannan ƙaramin motsi ma jaka goma-goma ne.

A kasuwar Ƙofar Ruwa abin da ya fara ɗaure mini kai sunayen kaya ne. Hausa ɗaya muke yi, amma ƙarfen mota kowa da bakin da ya gada. Bilbirke a can karanshaf ne, kilas tof silinda, sigma ringi, kusine metal, juwan gasket, gazuwal kuma gas. Injin da aka shigo da shi daga Turai ana ce masa Beljiyam, wanda ya yi aiki a gida kuma sai a ce na gida ne, kuma tsakaninsu akwai tazarar kuɗi mai yawa. Saboda haka ake wanke na gida a fesa masa fenti ya koma Beljiyam. Ana gane shi ta kawunan kusoshi da suka sha kile, da jan gam da ya ɓullo a gefen karta, da jar ƙasa a lungunan da ruwan wanki bai kai ba, da tsatsa mai kauri a hanyoyin ruwa, alamar an daɗe ana zuba masa ruwan rijiya. Dillalai suna tare mutum tun daga bakin hanya. Mun ɗauki ɗaya, muka yanke ladansa tun kafin ya nuna mana komai, don kada ya hau kan kuɗin injin.

Injuna biyar muka gani cikin kwana biyu. Uku lambarsu ba ta dace ba. Na huɗu ya dace, amma da aka juya shi da hannu ya cije a wuri guda, kuma da aka leƙa da ƙaramar kyamara ta ramin anjekta an ga tsatsa a bangon silinda biyu: ruwan sama ya shiga ta bututun da aka bari a buɗe. Na biyar yana shagon wani dattijo wanda, da ya ji abin da muke so a yi, ya ce: "Ɗana, buɗe duk inda kake so. In ka saya, gasket ɗin a kanka, in ka fasa, ka biya yaran da suka kwance." Wannan magana ita ta sa na tsaya a shagonsa.

Ga yadda gwajin ya bi, ya ɗauki yini guda. An fara da juya inji da hannu zagaye biyu cikakku. An zare matacin mai, aka buɗe takardarsa a rana ana neman ƙyallin ƙarfe, babu. An sauke kartar ƙasa, babu laka mai kauri, babu fari-farin da ke nuna ruwa ya gauraya da mai. An kwance kusine biyu, ɗaya na sandar fistan ɗaya na tsakiya. A bayansu an rubuta STD, wato ba a taɓa wanke bilbirken ba, fuskarsu kuma toka-toka ce, jan ƙarfe bai fito ba. An girgiza sandar turbo, tana da ɗan wasa gefe da gefe kamar yadda ya kamata, ba ta motsi gaba da baya, fukafukai ba su taɓa gida ba. Daga nan aka mayar da karta, aka zuba mai, aka ɗaura agogon matsin mai na hannu, aka haɗa batir biyu don volt 24 da jarkar gazuwal. Ya tashi a bugu na biyu. Farin hayaƙi ya fito na ɗan lokaci ya wuce, matsin mai ya hau nan da nan ya zauna. Bakanike ya buɗe murfin zuba mai ya ɗora tafin hannu: iska kaɗan ce, ba ta tura hannu. Inji mai huci ta nan kamar tukunya, sigmarsa ta gama. Tunda babu ruwa a jikinsa, minti biyu kawai aka bari ya yi. A sani cewa mai sanyi yana ɓoye rauni, matsin gaskiya sai inji ya yi zafi, inda Mercedes ke son kada ya gaza rabin bar (ma'aunin matsi) a tsaye da bar biyu da rabi a cikakken gudu. Shi ya sa gwajin ƙasa bai isa ba sai da sharaɗin mayarwa. Mai kwamfuta ya karanta ƙwaƙwalwar, aka ga awoyin aiki da kurakuran da ta ajiye. Na ɗauki wannan a matsayin ƙarin haske kawai, domin ƙwaƙwalwa kusoshi kaɗan ne ke riƙe da ita, ana iya ɗauko ta wani injin.

Ciniki ya faɗa a kan abin da ya yi daidai da miliyan uku da jaka 400 na sefa, da turbo, da famfunan mai shida, da ƙwaƙwalwa, da kwamfaresa, ban da demarer da altanato, tunda nawa lafiyarsu lau. A fayyace wannan tun farko, domin "cikakken inji" kowa da abin da yake nufi. A kan rasit mai hatimin shago aka rubuta lambar injin gaba ɗaya, da jerin abin da ke jikinsa, da sharaɗi: kwana 21 daga ranar saye, in ya ƙwanƙwasa, ko ya haɗa ruwa da mai, ko matsin mai ya faɗi da zafi, a dawo da shi a canza ko a mayar da kuɗi, jigila a kaina. Mai shagon ya fara cewa kwana bakwai. Na nuna masa cewa hanya da duwan kaɗai za su ci kwana bakwai ɗin, ya yarda ya ƙara. Shaidu biyu suka sa hannu, ɗaya daga shugabannin layin. Muka sa alamar fenti a kan kusoshin famfuna da turbo da ƙwaƙwalwa muka ɗauki hoto, kuma ba mu bar wurin ba sai da aka ɗora injin a mota a gabanmu.

Injin yana da nauyin kusan kilo 900. An zaunar da shi a kan tsofaffin tayoyi da katako ta yadda nauyi ba ya kan karta, aka toshe kowane bututu da leda, aka ɗaure da bel huɗu, aka rufe da tamfol. Jigila daga Kano zuwa Maraɗi da lodi da saukewa ta tashi jaka 230. A iyaka ne na fi jin gajiya da zullumi, domin kwanakin sharaɗi suna tafiya injin yana zaune. Kwana uku ya yi kafin ya fita. Tiransiter ya karɓi rasit da katin shaidata ya shigar da bayani a kwamfutar duwan. Injin gazuwal cikakke yana ƙarƙashin lamba 8408, kayan gyaransa kuma 8409, kada a yarda a rubuta cikakken inji a matsayin tarkace don rage kuɗi, domin takardar da ba ta dace da kaya ba matsala ce a kowane shingen gaba. Jami'ai ba dole su tsaya a kan kuɗin da ke rasit ba, suna da nasu ƙiyasin. Da harajin shigowa, da harajin TVA kashi 19 cikin ɗari, da ƙananan kuɗaɗe da ladan tiransiter, na biya miliyan ɗaya da jaka 90. Na tabbatar lambar injin ta fito a takardar, na yi kwafi uku, ɗaya yana cikin mota tare da kartagiris. In aka haɗa komai, injin Kano ya iso garaji a kan kusan miliyan huɗu da jaka 850, ya fi na Maraɗi tsada da fiye da jaka 600. Na san haka tun kafin in biya, kuma na zaɓe shi ne domin shi kaɗai na ga cikinsa, shi kaɗai kuma ke da takardar mayarwa.

Ɗorawa ta ɗauki kwana biyar. Kafin injin ya shiga, an sabunta robar iskar da ta jawo asarar tare da dukkan maɗaurai, an sa sabon matacin iska, an wanke radiyater ciki da waje, an wanke na'urar sanyaya iskar turbo da bututunta, domin mai da ƙurar tsohon inji suna kwance a ciki. Tunda giya a sauke take, an canza faifan kulocin mai faɗin milimita 430, da ƙaramin boris na tsakiya, da robar mai ta bayan bilbirke, don kada a sake sauke giya saboda su bayan wata biyu. An saita bawul da sanyi, milimita 0.40 na shiga, 0.60 na fita. An zuba mai 15W-40 mai amincewar MB 228.3, lita talatin da ƴan kai, da ruwan sanyaya na gaskiya. Shemis ɗin wannan inji a cikin ruwa yake tsaye, ruwan famfo zalla yana huda shi sannu a hankali har ruwa ya sauka cikin mai. Waɗannan kaya da kuɗin aiki sun ci jaka 640.

Da aka gama, mota ta ƙi tashi. Gabana ya faɗi sosai, don kwana bakwai suka rage a sharaɗi. Ashe makulli ne: a Actros makullin yana ɗauke da lambar sirri da ke daidai da ƙwaƙwalwar inji, sabuwar ƙwaƙwalwa ba ta san makullina ba. Mai kwamfutar da ya iya wannan aiki yana Damagaram a lokacin, sai da muka jira shi kwana biyu. Cikin awa ɗaya ya haɗa makulli da ƙwaƙwalwa, ya daidaita ta da ƙwaƙwalwar da ke cikin kan motar, ya share tsofaffin kurakurai, jaka 75. Da na sani, da na yi magana da shi tun ina Kano ya ware mini rana.

Mun gwada ta ba kaya zuwa Cadawa da dawowa, agogon hannu yana ɗaure, matsin mai bayan inji ya yi zafi ya zauna sama da bar ɗaya a tsaye. Washegari aka ɗora mata rabin kaya zuwa Tasawa, ana duba ruwa da mai a kowace tsayawa, ana leƙa tankin ruwa ko akwai kumfa. Kwana biyu kafin sharaɗi ya ƙare na kira mai shagon na shaida masa injin ya zauna. A kilomita 1,000 aka juye mai, aka sake buɗe takardar mataci a rana, ta fito da tsabta. Tsohon injin kuma ba a sayar da shi a kilo ba: kilas shida, famfunan mai shida da ƙwaƙwalwarsa duk suna da rai, an shafa musu mai an naɗe a leda an ajiye, bulok da bilbirke kawai aka kai wa masu sayen ƙarfe.